Rami na biyar: yadda na cire kebur ɗin giyar Valiant na sake saita shi

Jan mai ne ya fara tona asirin. Duk sanda motar ta yi kwana goma ko sati biyu a ajiye ba a tayar da ita ba, sai in tarar da tabo ja a daɓe, ta ɓangaren direba, daidai ƙarƙashin giyabos. In kuwa kullum ina hawanta, ƙasa a bushe take ƙayau. Na daɗe ina ɗora wa gasket ɗin kaskon mai laifi, har na bi notunansa ɗaya bayan ɗaya na ƙara ɗaurewa, amma tabon bai fasa fitowa ba. Ana cikin haka wata matsalar ta ɓullo. In murɗa makulli in ji shiru, sitata ko motsi, sai na sa babban yatsa na danne maɓallin N, wato na firi a cikin maɓallan zaɓen giya, iya ƙarfina sannan inji ya ɗauka. D, giyar tafiya gaba, ita ma ta fara nawa: ka danna, ka yi ta jira, can ka ji giya ta shiga. A nan jikina ya ba ni cewa yoyon da ƙin tashin uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Motar Plymouth Valiant ce ƙirar 1964, mai injin Slant Six 225, wanda silinda shida ke jere a cikinsa, an kuma kishingiɗar da shi digiri 30 zuwa ɓangaren fasinja. Giyarta otomatik ce, TorqueFlite A-904 mai hawa uku, sai dai ba ta da sandar giya, ko a ƙasa ko a jikin sitiyari. Maɓallai biyar ne a hagun sitiyari, R, N, D, 2 da 1, da wata 'yar liba ta fakin a gefensu. Kamfanin Chrysler ya fara sa irin waɗannan maɓallai a motocinsa a 1956, kuma ƙirar 1964 ce ta ƙarshe da ta zo da su. Yawancin waɗanda suka leƙa ciki sukan ɗauka lantarki ne ke canja giyar, kamar yadda aka yi wa motar Edsel ta 1958, ta kamfanin Ford, mai maɓallai a tsakiyar sitiyari. Ba haka ba ne. A nan ƙarfe ne ke tura ƙarfe tun daga yatsanka har cikin giyabos, shi ya sa abin ya yi ƙarko har ya kai mu yau.

Kowane maɓalli ka danna, wani ƙarfe yake turawa a bayan dashbod, shi kuma ya ja ko ya tura waya guda da ke gudu a cikin kube. Wayar da kubenta su ne kebur ɗin. Yana ratsa bangon da ya raba ɗakin inji da cikin mota, ya gangara ƙasa, ya shiga jikin giyabos ta hagu. Can ciki bakinsa na maƙale da wani ƙarfe mai haƙora, wanda masu harkar waɗannan motoci ke kira zankon zakara saboda kamarsa. Kowane gurbi a tsakanin haƙoran giya ɗaya ce, kuma akwai 'yar ƙwallon ƙarfe da sifirin ke dannawa cikin gurbin don ta riƙe shi. Zankon ne ke jan bawul ɗin da ke raba wa mai hanya, a jikinsa kuma akwai ɗan harshen da ke taɓa makunnin firi, wato makunnin da ke hana sitata aiki in mota na cikin giya. Tazarar da ke tsakanin gurbi da gurbi 'yar kaɗan ce. Kebur ya goce da ƙanƙanin abu, sai ƙwallon ta tsaya a kan gangaren haƙori maimakon ta zauna daram a gindin gurbi, bawul ya buɗe rabi-rabi, harshen ya kauce wa makunni. Abin da ke damun motata ke nan. Kuma ba abin yi wa sakaci ba ne, domin bawul ɗin da bai buɗe sosai ba yana rage wa mai ƙarfi, fayafayan kulochi na ciki su riƙa santsi suna cinyewa a hankali.

Da na shiga ƙarƙashin motar da tocila, dalilin yoyon ya fito fili. A Slant Six, salansa ta hagu take saukowa, ɓangare ɗaya da kebur. Maƙalin da ya kamata ya riƙe kebur nesa da bututun ya ɓace tun ban san motar ba, kuben ya jingina da zafi shekara da shekaru har robarsa ta ƙone ta tsattsage. Dalilin da ya sa sai mota ta kwana biyu a ajiye take ɗiga kuwa shi ne, man da ke cikin kwanbata, wato tulun da ke tsakanin inji da giyabos, yana tsiyayowa ƙasa sannu a hankali in inji ba ya aiki. Sai mai ya taru ya haura bakin kebur, ya bi cikin kube, ya sami tsagar da wuta ta yi masa ya fito.

Kafin in taɓa ko noti ɗaya na zauna da littafin gyara na kamfani na wannan shekarar, na karanta shafukan kebur har sau uku. Sannan na kira ƙanena, autanmu, domin aikin nan mutum ɗaya ba ya yin sa: dole wani ya zauna a kujerar direba. Na cire kan batir na ƙasa, wato na negatif, saboda sitata na nan kusa da inda hannu zai yi ta kai-kawo, kuma babbar wayarta kullum da wuta take. Na ɗaga motar na ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe huɗu, na girgiza ta da ƙarfi na ga ba ta motsa ba. Jak kaɗai ba abin amincewa ba ne ga wanda zai kwanta a ƙarƙashin mota, balle a wannan aikin da dole a saki libar fakin, don in tana ɗaure maɓallan a kulle suke a N, babu wanda zai dannu.

Littafin bai ce lallai a sauke kaskon mai ba, cewa ya yi a rage mai kawai. Ni dai na sauke shi, saboda ina so in ga abin da nake yi, kuma ban san rabon da a canja filta ba. Notuna goma sha huɗu ne. Na sassauta su duka, na bar na kusurwa ɗaya da ɗan ƙarfi, na bubbuga kaskon har ya saki ta gefe guda man ya tsiyaye cikin babban baho. Bai yi ƙauri ba, gindin kaskon ma ɗan toka-toka ne kawai babu ɓarɓashin ƙarfe, hankalina ya kwanta. Wani abu game da filta da ya kamata mai irin motar nan ya sani: TorqueFlite na waɗannan shekarun, har zuwa 1965, famfo biyu gare shi, ɗaya a gaba ɗaya a baya, shi ya sa ma ake iya tayar da motar da turi. Filtarsa ƙofa biyu gare ta. Ta shekarun da suka biyo baya mai ƙofa ɗaya za ta ɗauru lafiya lau, amma ta toshe wa famfon baya hanyar shan mai. Sai da na jera sabuwa da tsohuwa na ƙirga ƙofofin kafin in ɗaura.

Daga nan na ce wa Auta ya danna 1. Wannan ne ke kawo maƙullin kebur saitin ramin da za a iya kai masa hannu. Na zare wayar makunnin firi, guda ɗaya ce tak a motocin wannan zamanin, na kwance makunnin da sufana na ajiye shi da robarsa a cikin gwangwani. Sai ɗan sukurun da ke riƙe faifan saiti. Faifan nan yana kan tiredin da ke ƙarshen kube, ya zauna a jikin giyabos, da ramuka a kewayensa, sukuru ɗaya ke bi ta ɗaya daga cikin ramukan ya ɗaure shi. Ganinsa ba ya cika ido, amma duk saitin giyar motar a kansa yake. Na goge wurin tas da buroshi kafin in kwance, don kada ƙasa ta faɗa ciki.

Yanzu aka zo wurin da ya fi cin lokaci. Bakin kebur ba da noti aka ɗaure shi a ciki ba. Wata siririyar wayar sifirin ce ta faɗa cikin tsagin da ke wuyansa ta riƙe shi, ƙarshenta ɗaya ya ɗan fito waje. Abin da ake so shi ne ka zura siririn sukudireba ta ramin da makunni ya fita, ka tura wannan ƙarshen da ya fito, sifirin ya ɗaga daga tsagin, ka ja kebur waje da ɗaya hannun a lokaci guda. A rubuce layi biyu ne. A kwance a ƙasa kuwa, sukudireba ya toshe ramin da za ka leƙa, tocila na baki, mai na ɗiga a hannun riga, wani zance ne daban. Na tura nan, na tura can, na ja, kebur ya ce bai san zance ba.

A irin wannan lokacin ne zuciya ke cewa ka kama shi da filaya ka fizgo. Na san mutum zai iya, na kuma san abin da zai biyo baya: ko sifirin ya lanƙwashe ya daina riƙo, ko mazaunin kebur a jikin zanko ya karye, a wayi gari sai an sauke akwatin bawul gaba ɗaya ana neman kayan da aka daina ƙerawa tuntuni. Na ajiye kayan aiki, na fito na miƙe baya na sha ruwa. Da na koma sai na sa ɗan madubi ta ƙasa, tunda kasko ba ya nan, na haska, na ga sifirin da idona. Ashe ina tura shi ne yayin da nake jan kebur tun da farko, jan da nake yi shi ke matse sifirin a cikin tsagin ya hana shi ɗagawa. Na sassauta, na ɗan tura kebur ciki kaɗan don nauyi ya sauka daga kan sifirin, na taɓa ƙarshen da bakin sukudireba, ko ƙarfin danna biro bai kai ba, na ji ya ba da kai. Na ja a hankali, kebur ya sulluɓo kamar ba shi ya wahalar da ni kusan awa guda ba.

Ɓangaren dashbod ba shi da wani sirri, sai takura. Na kwanta a kan tabarmar ƙafa, kai a ƙarƙashin sitiyari. Bakin wayar zobe ne da ya shiga kan wani ɗan fegi, da 'yar maƙalar waya mai kama da fil ɗin gashi ta tare shi, kuben kuma an kafe shi a jikin akwatin maɓallai. Na shimfiɗa farin tsumma a ƙasa kafin in zare maƙalar, don in ta yi tsalle in gan ta. Na ɗauki hoton yadda komai yake, har da wayoyin fitilar ribas, da yake makunninta a jikin akwatin nan yake. Sannan na ɗaura doguwar igiya a bakin tsohon kebur na ja shi ta ɗakin inji, igiyar ta bi sawunsa ta zauna a hanyar tana jiran sabo.

A kan teburi na ga irin ɓarnar da zafi ya yi. Ba robar waje kaɗai ta ƙone ba, in na tura wayar da hannu tana tafiya sumul sai ta zo daidai wurin ƙunar ta cije. Da robar ce kawai ta tsage da na yi tunanin in sa masa rigar roba mai tsukewa da zafi in mayar da shi, amma wayar da ke cijewa babu saitin da zai gyara ta. Na jera shi da sabon, na gwada tsawon kube da kube, na gwada yawan wayar da ke fitowa a kowane baki, na duba tsagin wuyan. Kebur ɗin waɗannan motoci sun bambanta daga ƙira zuwa ƙira, kamanninsu kuma ɗaya ne a ido, gara ka gano bambancin a kan teburi da ka gano shi a kwance. Na wanke faifan saiti da tiredinsa, na ɗiga masa man giya, na yi ta murɗa shi gaba da baya har ya zama yatsa biyu na juya shi ba cijewa. Wannan ɗan aikin kada a raina shi. Saitin da ke tafe da ji a hannu ake yin sa, in faifan na da tauri ba za ka san lokacin da ya taɓa jikin giyabos ba. Na sa sabon zoben roba a wuyan kube, na shafe shi da man giya don kada ya yage wajen shiga.

Igiya ta ja sabon kebur ta cikin robar bango ba gardama. Na ba shi lanƙwasa mai faɗi a ko'ina, ba karyawa, na yi masa sabon maƙali da ya nisanta shi da salansa, na ƙara masa rigar kare zafi a daidai inda na farko ya ƙone. Na haɗa bakin sama, na mayar da maƙalar.

Na ce, “Auta, danna R har ƙarshe, ka riƙe. Kada ka saki sai na ce.”

Ya ce, “To, Yaya.”

Na kwance faifan baya har saura tiredi biyu ko uku a bayansa, kamar yadda littafi ya ce. Na zura kebur a raminsa na tura, na ji ɗan ƙas, alamar sifirin ya faɗa tsagi. Na ɗan ja baya don in tabbatar, ya riƙe. Ga yadda saitin yake. R ce ƙarshen tafiyar zanko ta ciki, don haka ita ce ma'auni. Ka riƙe kuben a tsakiyar ramin, kada ya karkata, ka tura shi ciki da ɗan ƙarfi kaɗan, littafi ya ce kimanin fam biyu, abin da bai cika kilo ɗaya ba, har ka ji ya tsaya. Kana riƙe da shi haka, ka murɗa faifan wajen ɗaurewa har ya taɓa jikin giyabos, taɓawa kawai, ya zauna daidai ba a karkace ba. Ka ƙara murɗawa kaɗan har rami na gaba ya yi saiti da mazaunin sukuru. Wannan ramin shi ne na ɗaya. Ka ci gaba da murɗawa kana ƙirgawa har na biyar ya zo saitin, ka sa sukuru, ka ɗaure shi inci-fam 75 a ma'aunin ƙarfin ɗauri, wajen Nm 8.5. Jikin giyabos ɗin alminiyam ne, wanda ya matsa fiye da haka tiredi zai cinye.

Na yi duk wannan, na ce wa Auta ya saki. Na mayar da makunni, na ɗauko mitar lantarki mai kuka in hanya ta haɗu, na sa tsinke ɗaya a kan makunnin, ɗaya a jikin giyabos. Na ce ya danna N. Shiru. Na ce ya ƙara dannawa da ƙarfi, mita ta yi ɗan kuka ta ɗauke. Cutar da na shigo in magance ke nan, ga ta nan da sabon kebur. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na fara zargin kayan da na saya.

Na fito na tsaya a bakin taga na tambaye shi ko ya saki maɓallin a tsakiyar aiki. Ya yi jim, ya ce, “Wallahi Yaya ban saki ba, yatsan ne ya gaji na canja hannu.” Ban ga laifinsa ba, na bar shi yana danne da abu fiye da minti goma ina ta laluben sukuru. Da na yi wa kaina hisabi kuma, nawa kuskuren ya fi nasa. Tsoron kada kebur ya zame ya sa na tura shi da dukan tafin hannu, ƙarfin da ya ninka fam biyu sau da yawa. In ka tura haka, duk wani ɗan wasa da ke cikin kayan ka matse shi, faifan ya taɓa jiki a wurin da ba nan ya kamata ba, sai ƙirgen biyar ɗin ya tashi daga mafari na ƙarya. Lissafin littafi daidai yake, sharaɗinsa ne na karya.

A karo na biyu na shirya komai tukuna: sukuru a aljihun gaba, sufana a kan ƙirji, tocila a kafe. Sannan na ce ya danna R da tafin hannu, ya tokare gwiwar hannunsa a cinya. Na kwance faifan baya. Na riƙe kuben da yatsa uku kawai, kamar mai riƙe alƙalami, na tura har ya tsaya da kansa ban ƙara ba. Na murɗa faifan da ɗaya hannun har na ji ya shafi jiki. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, ina faɗa da ƙarfi yana amsawa daga sama. Duka-duka bai kai minti biyu ba.

Wannan karon ban yi saurin mayar da makunni ba. Na ce ya danna N ya ɗauke hannu gaba ɗaya, na haska cikin ramin makunnin. Harshen zanko na nan a tsakiyar ramin cif, bai karkata gaba ko baya ba. Ga duk mai shirin yin aikin nan, wannan leƙen shi ne shaidar da na fi yarda da ita, fiye da ƙirgen kansa, domin motar da ta haura shekara sittin kayan cikinta sun ɗan ci, wani lokaci sai an ƙara rami ɗaya ko an rage kafin harshen ya zo tsakiya. Tawa dai biyar ɗin ta yi mata. Na sa madubi na bi ƙwallon da ido yana danna maɓallan bi da bi, R, N, D, 2, 1, ya sake dawowa, kowane gurbi tana faɗawa gindinsa da ɗan sauti mai daɗin ji. Na gwada zuwa N daga R, na gwada zuwa daga D, saboda kebur mai wasa yakan yi daidai ta gefe ɗaya ya gaza ta ɗayan. Na ɗaura makunni da sabuwar roba, na matse shi ƙafa-fam 25, wajen Nm 34. Mita ta yi kuka a N ba tare da kowa ya danne komai ba, ta yi tsit a sauran huɗun. Shirun nan ya fi kukan muhimmanci a wurina, don motar da ke tashi a cikin giya tana iya taka mutum.

Kebur ɗin fakin daban yake, can baya yake shiga, wajen wutsiyar giyabos. Lafiyarsa ƙalau, ban cire shi ba. Na dai saki libar, na sassauta notin da ke damƙe kubensa, na ja kuben waje a hankali har ya tsaya, na sake shi, na ɗaure notin sama-sama, don ba ya son matsi.

Kasko ya koma da sabon gasket, bayan na daidaita bakinsa da guduma a inda ɗaurin da na yi ta yi a baya ya lotsa shi. Notunansa inci-fam 150 ne, wajen Nm 17, ana bin su a gicciye. A zamanin motar man da ake zuba mata Type A Suffix A ne, yanzu Dexron ne ya maye gurbinsa. Na zuba kaɗan-kaɗan ta bututun geji, na mayar da kan batir, na tayar da inji, ƙafa a kan birki na bi maɓallan ɗaya-ɗaya ina ɗan dakatawa a kowanne. Awon man TorqueFlite a firi ake yin sa, inji na aiki a hankali, mota a kan shimfiɗaɗɗen wuri, kuma ba a cika shi zuwa layin sama sai ya yi zafi. Wanda ya cika shi da sanyi zai ga kumfa da amai ta bututu.

Tun tana kan ƙafafun ƙarfe na ga tayoyin baya na juyawa gaba a D, baya a R, suna amsawa nan take. Na sauke ta muka fita, Auta a gefe. Daga ta ɗaya zuwa ta biyu zuwa ta uku, kowace ta shiga a kan lokacinta. Na faɗi haka ne don mutane kan haɗa abu biyu da ba su haɗu ba: in mota na canja giya da wuri ko a makare, ba kebur ɗin nan ba ne, sandar da ta taso daga kafireto zuwa giyabos ce, saitinta daban. Aikin kebur shi ne zaɓen giyar da ka danna, ba lokacin canjawa ba. Na danna 2 a kan gangara ta riƙe, na danna 1 a hankali ta riƙe. A wani ɗan tudu na tsaya na ja libar fakin, na ɗaga ƙafa daga birki sannu-sannu, motar ta ɗan gusa ta kafe.

Da muka dawo na shimfiɗa sabon kwali a ƙarƙashinta, na rufe gareji, na hana kaina taɓa ta har kwana goma sha biyu, tunda sai ta daɗe a ajiye take nuna halinta. Ranar da na jawo kwalin, saitin kebur a bushe yake. Ɗigo ɗaya na gani can baya, na bi shi da tocila na tarar daga bakin wayar sifidomita yake, ita ma robarta ta tsufa, na rubuta ta cikin abin da zan nemo. Na shiga na zauna, na ɗora hannun hagu a kan cinya nesa da maɓallai, na murɗa makulli, inji ya ɗauka a bugu ɗaya.